Na Bar Wa Yayana Ɗanɗanon Man Shanu

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. A shekarun da aka yanke mana jihar Zamfara daga Sakkwato, ni dillalin man shanu ne a Ƙauran Namoda, ina da shekara arba'in da ɗoriya, da tumbin da nake shafawa idan ana hira, da bakin da ba ya raga wa kowa. Abin da nake taƙama da shi a duniya harshena ne. Duk ranar Alhamis nakan je kasuwar Shinkafi in zauna a rumfa, matan Fulani su jera ƙoransu a gabana, in bi su ɗaya bayan ɗaya ina lakatar man da ɗan yatsa ina kai wa baki. Kafin ya narke na san wanda aka cuɗa da kitse, na san wanda aka ƙara wa dafaffen dankali don ya yi auki, na san wanda ya kwana uku ana cewa na jiya ne. Har tsokanar matan nake yi, in ce wa mace saniyarta ta fara tsufa, ta rufe baki tana dariya don ta san gaskiya na faɗa. A yini guda sai in ɗanɗana ƙwaryar da ban san iyakarta ba, sannan in dawo gida a malala mini wani man a kan tuwo.

Sana'ar ba tawa ba ce ni kaɗai. Ni da yayana muke yi, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara tara. Shi yana zaune a Birnin Tsaba ta ƙasar Zurmi, can yake soya ɗanyen man da muka saya da albasa, ya ɗura a garwa, ni kuma in loda a mota a kai Kudu. Shi ya riƙe ni tun ranar da mahaifinmu ya faɗi a gona yana cikin huɗa, bai ko shura ba, kuma bai kai shekara hamsin ba. Yaya mutum ne siriri kamar karan dawa, mai ƙarancin magana, shi ke kiran salla a masallacin unguwarsu. Ba ya kirana da suna, Auta yake ce mini har na yi furfura. Abu ɗaya ya haɗa kamanninmu: wasu 'yan tabo masu ruwan ɗorawa a fatar idonmu ta sama, kusa da hanci. Mahaifinmu yana da su, kakanmu ma an ce yana da su. A gidanmu abin alfahari ne, Inna takan ce duk ɗan da ya girma ya fito da su ba a tambayar ɗan wa ne.

Da aka ƙaddamar da Shari'a ina cikin waɗanda suka cika mota suka tafi Gusau, na yi kabbara har muryata ta dishe, kuma har yau ban yi da-na-sanin wannan ba. Da muka dawo aka sa ni cikin kwamitin unguwa masu zagayawa suna yi wa mutane nasiha, musamman masu wuraren shan giya da ke kusa da tashar jirgi. Sai dai ina da wani tsohon tabo da ba na so a taɓa. Ina saurayi na yi dako a tashar, kuma cikin kayan da nake saukewa har da akwatunan giya. Allah shi ne shaidata ban taɓa kai ta bakina ba, amma akwai wani abokin adawata a kwamitin, dillali ne shi ma, da ba ya barin maganar ta kwanta. A tsakiyar taro sai ya ce a tura ni gaba tunda na fi kowa sanin ƙofofin. A yi dariya, ni ma in yi ta dole.

Cikin wannan yanayi ne jikina ya fara canjawa. Wani nauyi ya zauna mini a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ga kasala, ga gyangyaɗi a rumfa ana tsaka da ciniki. Wata rana na kai kaya Gusau sai na ratse wani asibiti mai zaman kansa, da nufin a ba ni ƙwayoyi in wuce. Likitan bai sallame ni da wuri ba. Ya sa aka ɗebi jinina, aka shafa mini wani abu mai sanyi a ciki aka ɗauki hoto, ya ce in dawo da la'asar. Da na dawo ya ɗaga 'yar kwalbar jinin a gaban taga ya ce in duba da kaina. Sama-saman jinin ya yi fari, kamar yadda mai ke tasowa a kan nono. Ni da na ƙare rayuwata ina duba irin wannan a ƙwarya, ban buƙaci a yi mini bayani mai tsawo ba. Ya ce maiƙo ya yi yawa a jinina, kitse ya kwanta a hantata har ta fara kumbura, suga kuma yana bakin ƙofa. Sannan ya kalle ni ya tambaya ko ina shan giya.

Na ce a'uzu billahi. Ya ce kada in ji haushi, kowa yake tambaya, abin da aka faɗa a ɗakin nan ba ya fita. Ya sake tambaya, ko da a da can ne, ko da kaɗan ne. A daidai lokacin na lura da ma'aikacin jinyar da ke tsaye a bayansa yana jera takardu. Ɗan Ƙaura ne, gidan surukansa yana bayan namu, tun shigowata ya gaishe ni da sunana. Bai ko ɗago kai ba, amma ni gani na yi kamar kunnensa ya ƙara tsawo. Daga nan rabin hankalina ya bar wurin likita. Duk da haka na ji abin da ya faɗa, ba zan yi wa kaina ƙaryar cewa ban ji ba. Ya ce ya yarda da ni, akwai masu irin wannan hantar da yawa da ba su taɓa ganin giya ba, abinci ne da zama wuri ɗaya da kuma jinin gado. Ya nuna tabon idona ya ce wannan maiƙo ne ya taru a fata, wa kuma ke da shi a gidanmu? Na faɗa masa. Ya tambayi yadda mahaifinmu ya rasu, na faɗa masa. Sai ya ajiye biro ya ce in kawo masa yayana cikin makon nan, kada in ce sai an ga dama, kuma kada ramarsa ta ruɗe ni, siriri ma yana iya fin mai tumbi shiga hatsari. Ya rubuta komai a takarda ya ba ni, da magani, da dokar barin man shanu da kitse da zaƙi, da tafiyar ƙasa kullum.

A mota daga Gusau zuwa Ƙaura na yanke hukuncin da ya zama masifar rayuwata. Ba bulala nake tsoro ba, na san alƙali ba ya hukunta mutum da ciwon hanta, sai da shaidu ko iƙirari. Bakin mutane nake tsoro. A garinmu a lokacin, idan aka ce hantar namiji ta kumbura, ba a ƙarasa maganar, ido kawai ake haɗawa. Na hango abokin adawata yana gyara zama a taron kwamiti, na hango an ce daman tsohon ɗan dakon akwatuna ne. Idan na gaya wa Yaya zai gaya wa matarsa, matarsa ta gaya wa tawa, kafin Juma'a magana ta zagaye Zurmi ta dawo Ƙaura. Na ce wa kaina Yaya ba shi da tumbi, yana noma, yana tafiya da ƙafa, likitoci daman sun iya tsorata mutum. Na ninke takardar na cusa a cikin kuben wani tsohon littafin addu'o'i. Maganin kuma na juye shi a kwalbar da ba rubutu, na ce wa iyalina na basir ne.

Saura matsala ɗaya, wato ɗanɗano. Ba zan iya ci gaba da lasar mai daga safe zuwa la'asar ba, ni ma ina son raina. Ba kuma zan iya dainawa haka kawai ba tare da an tambayi dalili ba. Sai na ƙirƙiro ƙarya. Alhamis ta gaba na lakaci man ƙwaryar farko, na juya shi a baki, na ɓata fuska, na ce wa Yaya, da yake shi ke tsaya mana wajen awo ranar kasuwa, tun murar da na yi harshena ya mutu, komai na sa a baki kamar ruwa nake jin sa. Ya dube ni da tausayi ya ce, “Subhanallahi, Auta, mi ya yi zahi? Tashi ka koma wajen awo, ni na iya.” Ya naɗe hannun riga ya zauna a wurina. Da hannuna na tura masa ƙwaryar farko.

Damina biyu aka yi a haka. Duk Alhamis ina tsaye wajen sikeli ina kallon yatsan yayana yana tafiya daga ƙwarya zuwa baki, daga baki zuwa ƙwarya. Shi da bai saba ba, sai ya lasa sau biyu ko uku kafin ya tabbatar. Da yamma ya koma Birnin Tsaba ya soya, ya sake ɗanɗana kowace tukunya, abin da ya kwanta a gindin tukunyar kuma ba ya bari a zubar, da shi yake cin dambu. Ni kuwa tumbina yana ta sauka. Na koma zuwa gona da ƙafa, na ce wa mutane sunna nake rayawa ta rage ci. Ana ta yaba mini, ana cewa Shari'a ta karɓe ni. Yaya har saiwoyi ya riƙa nemo mini na dawo da ɗanɗano, ya kawo a ƙunshe a leda, ya tsaya sai ya ga na tauna. Ina taunawa ina jin ɗacinsu sarai, ina ce masa ban ji komai ba.

Ba sau ɗaya ba na yi niyyar faɗa. Akwai ranar da motarmu ta lalace a hanyar Shinkafi muka zauna a gindin wata tsamiya mu biyu, ba kowa. Na ga yana danna gefen cikinsa na dama da tafin hannu, daidai inda nawa yake yi. Na tambaye shi, ya ce ba komai, iska ce, sai dai ƙishirwa da ta dame shi kwanan nan da yawan fitsari. Waɗannan alamun kuwa likita ya lissafa mini su. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, har na ce Yaya akwai wata magana. Sai ga wata mota ta tsaya, abokin adawata ya leƙo ta taga yana tambaya ko mu taho a rage mana hanya. Yaya ya juyo ya ce wace magana ce, na ce ta garwa ce, ta fara tsatsa.

Bayan girbi idon Yaya ya fara yin ɗorawa. Aka ce ciwon shawara ne, aka shiga jiƙe-jiƙe, wannan ya kawo sassaƙe, wancan ya kawo garin da za a dama. Matarsa, baiwar Allah, ganin yana ramewa sai ta riƙa narka masa man shanu da zuma a cikin fura kowace safiya don ya yi ƙarfi. A gabana ta miƙa masa kofin, ta ce in sa baki ya shanye, tunda yana jin maganata. Na ce a dai rage man. Ta ce man ne ƙarfinsa, ni da na bar ci ba ga yadda na zube ba? Abin da na iya kawai shi ne na ce a kai shi asibiti, na faɗa da sanyin murya irin ta wanda ba ya so a tambaye shi dalili. Yaya ya ce shawara ba ta son allura, kowa ya san haka. Da na fito da takardar nan a ranar, da gardama ta ƙare. Tana gida a Ƙaura, cikin littafin addu'a.

Sannan cikinsa ya fara kumbura, ƙafafunsa suka haye, shi da duk rayuwarsa ba shi da tumbi. Abin da na gudar wa kaina sai ya faɗa kansa. A rumfar mai shayi a Shinkafi na ji da kunnena wani yana cewa ladanin Birnin Tsaba ai hanta ce, kuma an san abin da ke kawo hanta, masu shiru-shirun nan su ake tsoro. Wani ya ce ƙila a gidan yake dafa abarsa, tunda kullum akwai wuta da tukwane. Ba su ganni ba, ina bayan buhunan gero. Mutumin da ya goya ni, wanda bai taɓa barin sahun farko ba, ake yanka haka, ni kuma ina da maganar da za ta rufe musu baki. Edita, ban fito ba. Na lallaɓa ta bayan rumfa na tafi. A makon nan aka ce wa Yaya ya huta da kiran salla har ya samu sauƙi, aka ba wani. Ya gane abin da ake nufi. Matarsa ta ce mini tun ranar bai ƙara zama a ƙofar gida ba.

Wata Alhamis da hantsi Yaya ya matsa sai ya zo kasuwa, wai zaman gida ya ishe shi. Ƙwarya ta uku yana kai yatsa baki sai ya dafe ƙirji ya sunkuya, jini ya zubo daga bakinsa a kan tabarma. Matan suka watse suna salati. Ban san yadda na ɗauke shi ba, na dai san na tare mota na ce Gusau, kuma bakina da kansa ya faɗi sunan asibitin nan. Hanyar ba ta taɓa yi mini tsawo irin na ranar ba, kansa yana kan cinyata, ina ta kiran Yaya, Yaya, don kada ya rufe ido. Aka karɓe shi, aka ƙara masa jini, aman ya tsaya. Washegari da safe likitan ya shigo zagaye, ya duba shi, ya duba fatar idonsa, sannan ya juyo ya ƙare mini kallo. Ya ce ya gane ni, na rame, na kyauta. Sai ya tambaya ko wannan ne yayan da ya ce in kawo masa. Yaya idonsa biyu.

Likita ya yi bayani a gabanmu duka. Kitse ya daɗe yana cin hantar har ta ƙanƙance ta yi tauri, suga ya hau ba a sani ba, jiƙe-jiƙen ma sun ƙara mata wahala. Babu ƙwayar cutar hanta a jininsa, kuma ba aikin giya ba ne. Na bi shi waje na tambaye shi, da na kawo shi tun wancan lokacin fa? Na so ya ce duk ɗaya ne. Bai ce ba. Ya ce rai na Allah ne, ba zai iya rantsewa ba, amma shekara biyu ba kaɗan ba ce a wannan ciwon, in dubi kaina. Da na koma ɗakin Yaya ya sa matarsa ta fita. Ya juyo gare ni ya ce, “Auta, harshen naka bai mutu ba ke nan?” Na durƙusa a gefen gadon na faɗa masa komai, takardar, da ma'aikacin jinya, da rumfar mai shayi. Na jira ya zage ni, na so ya zage ni. Ya ce abu ɗaya yake nema a wurina: kada 'ya'yansa su tashi ana ce musu ɗiyan mashayi, in je in wanke shi tun yana da rai.

Juma'ar da ta biyo baya na tafi Birnin Tsaba. Bayan an sallame na miƙe a gaban jama'a na ce ina da magana. Na ce ciwon da ke jikin yayana yana jikina, likita ya gano shi shekara biyu da suka wuce, gado ne da man shanu, ba giya ba, kuma na ɓoye don tsoron a ce ni mashayi ne. Na ba wani malamin makaranta takardar ya karanta ya fassara. Na tsaya ina jiran abin da na yi shekara biyu ina gudu. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya haɗa ido da wani. Liman ya yi nasiha a kan zato, wasu suka sunkuyar da kai. Wani dattijo ya matso ya tambaye ni a ina ake gwajin, don shi ma yana jin nauyi a gefen dama. Shi ke nan. Duka abin bai kai tsawon alwala ba. A Ƙaura ma da labari ya iso, abokin adawata gida ya zo ya yi mini jaje. Ma'aikacin jinyar kuwa, da na tambaye shi daga baya, ko tuna ranar bai yi ba.

Yaya ya yi wata biyu da 'yan kwanaki bayan haka. Mutanen unguwa sun yi ta zuwa neman gafararsa, masallaci ya aiko a ce wurinsa yana nan. Bai samu ƙarfin komawa ba. Ya rasu da rana tsaka a ɗakinsa, ina riƙe da hannunsa. Bayan sadakar bakwai na kwashi 'ya'yansa da nawa da 'yan'uwanmu mata na kai su gwaji, aka samu uku da maiƙo a jini, suna kan magani da kiyaye abinci, suna nan lafiya. Na bar dillancin, na koma sayar da hatsi.

Abin da na koya, na koye shi da tsada. Na ɗauka mutuncina nake karewa, alhali ba wanda ya nemi taɓa shi, ni na zauna na ƙera wa mutane maganar da ba su yi ba, na biya da ɗan'uwana. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, idan likita ya ce maka jininka yana da maiƙo ko hantarka ta yi kitse, kada ka ɗauke shi sirrinka kai kaɗai, akwai waɗanda kuka haɗa jini, su ma maganar tasu ce. Ka faɗa musu a ranar, kada ka jira lokacin da ya dace, ni na jira bai zo ba. Kada ka ce wane siriri ne, kada ka tsaya jiƙa saiwa ido yana ɗorawa. Ku kuma masu zaman rumfa, ku ji tsoron Allah a kan marar lafiya, ba kowace hanta giya ke lalatawa ba, kuma maganarku tana sa wani ya ɓoye ciwon da za a iya tarewa. Ina neman addu'arku ga yayana. Ya yafe mini da bakinsa, a gaban matarsa, kwana uku kafin ya cika. Ni ne dai har yau na kasa yafe wa kaina.